Takardar Kan Firij

Ran Talata muke zuwa, ni da ita,
wata shida-shida, ko ana ruwa ko an ɗauke,
a Mancesta kuwa ba a cika ɗaukewa ba.
Bas mai bene, kujerar gaba,
nan Zuwaira ke zama, wai ita ce direba.
Shekararta sha ɗaya.
Tun tana goye ta san ɗacin maganin ruwa,
yau ƙwaya take haɗiya, ko fuska ba ta yamutsawa.

Nas Moira ta ɗora ta a sikeli:
"Kilo uku kika ƙara, sai an sake duba lissafin magani."
Na ce a raina, haka ne,
rigar bara ba ta rufe cibiyar bana.
Kwalba biyu daga hannunta, uku daga nawa,
jini ya tafi inda ake ƙirga abin da ido ba ya gani.
Shekara bakwai amsa guda muke samu:
ƙwayar cutar ta yi lamo, na'ura ma ba ta jin motsinta.
Kura ce mai barci,
magani ne takunkumin bakinta.

Ran Alhamis waya ta same ni a sito,
injin ɗaga kaya yana gurnani a bayana.
"Ku dawo, lamba ta tashi..."
Ban jira ƙarshen zancen ba.
Na shiga gida da faɗa a bakina,
na zazzage jakar makaranta,
na ɗaga katifa, na juye safa, na leƙa bayan hita,
ina neman ƙwayoyin da ta ɓoye.
Na ce rantse. Ta rantse.
Tuwonta ya kwana a rufe.

Dakta Pillai ya juyo mana da allon kwamfuta.
Layin sama nata ne: ƙasa da hamsin, lafiya lau.
Layin ƙasa: dubu da ɗari huɗu.
Tukur Ɗanjuma.
Sau uku na karanta sunana
kamar mai fatan a ce takwara ne.
Ashe laifi tudu ne,
nawa na taka nake hango na yarinya.

Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaya aiki?"
Na ce tun Oktoba aka mai da ni na dare.
Daga nan lissafi ya fara fitowa da kansa:
magaribar da na fita a guje, kwalba na kan tebur,
asubar da barci ya sace ni da takalmi a ƙafa,
ƙwayar ƙarin jini da na saya a kanti
nake haɗa su in watsa baki ɗaya,
ban tambayi kowa ba.

Ya ce, "Awo ɗaya ba ya yanke hukunci.
Raba su, tsai da lokaci, ka dawo mu sake.
In ta ƙi sauka, sai mu duba
ko cutar ta gane lagon maganin,
mu canza mata wani.
Gara lamba ta faɗa mana tun jiki bai faɗa ba."

A bas, ba ta hau sama ba.
Na ce, "Zuwaira, ki yafe ni."
Harshena ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.
Taga take kallo, tana bin ɗigon ruwa da yatsa.

Da muka isa ta yage tsakiyar littafin lissafi,
ta ja layi da rula, ta manna a firij:
Baba a sama, Ni a ƙasa.
Bakwai na yamma, kafin in ɗaura igiyar takalmi,
sai ta tsaya a ƙofa da kofin ruwa,
ba ta sa alama sai ta ga maƙogwarona ya motsa.

Gobe ne awo na biyu.
Layinta a cike yake.
Nawa da gurbi ɗaya, wata Lahadi da na manta.
Na ce a cike mana, wa zai sani?
Ta sa alƙalamin a aljihu.
Ta ce, "Jini."